Wa Ya Taɓa Lissafin? Tarihin Kundin Hada-hada

Duk ma'aikatar da ke ajiye bayananta a kwamfuta, banki ce ko asibiti ko hukumar haraji, tana da ranar da za a wayi gari a tarar wani adadi ya sauya ko wani suna ya ɓace, a shiga tambayar wanda ya yi. A irin wannan rana injiniyoyi kan koma ga kundin hada-hada, wato fayil ɗin da rumbun bayanai ke rubuta kowane sauyi a cikinsa bi da bi. Sai dai tun asali ba don amsa wannan tambaya aka ƙirƙiro kundin ba, kuma tarihinsa ne ke bayyana dalilin da ya sa shaidarsa kan zo da giɓi.

Tushen dabarar ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1494 aka buga littafin Luca Pacioli a birnin Benis na Italiya, inda ya bayyana yadda 'yan kasuwar garin ke tsara lissafinsu. Akan fara rubuta kowane ciniki a littafin yau da kullum bisa jerin faruwarsa, sannan a kwashe shi zuwa babban littafi. Idan an yi kuskure ba a kankare shi, sai a shigar da wani rubutu da zai warware shi. Wannan tsari yana ɗauke da wata shaida da babu wanda ya sha wahalar tsara ta: rubutun hannu. Mai bincike na duban shafi ya gane akawun da ya riƙe alƙalami.

Da lissafi ya koma cikin na'ura, damuwar masana ta karkata wani wajen. A shekarun 1970, a cibiyar binciken kamfanin IBM da ke San Jose ta Amurka, masu gina rumbun gwaji mai suna System R, cikinsu har da Jim Gray, sun fuskanci matsala mai tsanani. Idan wuta ta ɗauke bayan an cire kuɗi daga wani asusu amma kafin a zuba su a ɗayan, ina kuɗin suka shiga? Maganin da ya kafu shi ne kada a taɓa ainihin bayanan da ke kan faifai sai an fara rubuta sauyin a kundi, tare da yadda abin yake kafin sauyi da yadda zai koma bayansa. Idan na'ura ta farfaɗo sai ta karanta kundin, ta maimaita hada-hadar da ta kammala, ta warware wadda ta tsaya rabi da rabi. Gray ya fayyace ma'anar hada-hada a wata maƙala ta 1981, Theo Härder da Andreas Reuter suka tattara sharuɗɗanta huɗu a 1983 ƙarƙashin laƙabin ACID, sannan a 1992 C. Mohan da abokan aikinsa suka wallafa tsarin ARIES, wanda manyan rumbuna da yawa suka bi sawunsa. A 1998 aka ba Gray lambar yabo ta Turing saboda wannan aiki.

A duk wannan tafiya, na'ura ce aka tanada ta karanta kundin. Abin da take buƙata shi ne lambar hada-hada, da wurin da aka taɓa, da abin da ya sauya. Ba ta da wata bukata ta sanin ɗan Adam ɗin da ya danna madanni. Haka kuma da zarar buƙatar farfaɗowa ta wuce, akan sake rubutu a kan tsohon sashen kundin domin tattalin wuri.

Duk da haka mutane suka fara leƙa shi, domin shi kaɗai ne ya ga komai. Kamfanin Oracle ya fito da manhajar LogMiner a 1999. Masu kula da SQL Server na Microsoft kuwa suka koyi amfani da wani umarni mai suna fn_dblog, wanda kamfanin bai sa shi cikin takardunsa na hukuma ba. Hanyar bin sawun ba ta da tsawo: a nemo layin da ya nuna an goge bayani, a ɗauki lambar hada-hadarsa, a koma layin da ya buɗe ta, a can ake samun lambar asusun da ya fara ta, sai a juya lambar zuwa suna. A nan gizo ke saƙar. Manhajoji da yawa da asusu guda suke shiga rumbu a madadin dubban ma'aikata, saboda haka sunan da zai fito na manhajar ne. Idan mutum biyar suna amfani da kalmar sirri ɗaya, suna ɗaya kundin zai nuna. Idan kuma an makara, mai yiwuwa an riga an rubuta wani abu a kan layin.

Durƙushewar kamfanin Enron a ƙarshen 2001 da dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 sun tilasta wa kamfanonin Amurka tsaurara kula da masu iya taɓa lissafinsu. Daga nan kundin bincike na musamman, wanda aikinsa shi ne rubuta wa ya yi me kuma yaushe, ya ƙara samun gindin zama, har Microsoft ta gina irinsa cikin SQL Server na 2008.

Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna tsadar wannan giɓi. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara amfani da manhajar lissafi ta Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Daga wannan shekara zuwa 2015, an yanke wa masu kula da ƙananan rassa sama da 900 hukunci kan sata ko ƙaryar lissafi, bisa giɓin kuɗi da manhajar ta nuna. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun rasa gidajensu da mutuncinsu. Hukumar ta daɗe tana cewa babu mai iya sauya lissafin reshe daga nesa, don haka duk abin da ya bayyana da sunan reshe aikin mutanen reshen ne. Mutum 555 suka kai ƙara ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, kuma a watan Disamba na 2019 Mai Shari'a Fraser ya tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, kuma ma'aikatan Fujitsu suna iya shigar da hada-hada ko gyara bayanan reshe daga nesa. A Afrilun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar da ta wanke ɗaruruwa a lokaci guda.

Kundin da Gray da takwarorinsa suka gina yana cika alkawarin da aka ɗora masa, domin yakan faɗi abin da ya sauya da jerin yadda ya sauya ba tare da kuskure ba. Amma sunan da ke jikin layi sunan asusu ne, kuma kafin a ɗora laifi a wuyan mutum dole a san su wa ke riƙe da mabuɗin wannan asusu, da su wa ke iya shiga ta bayan gida, da ko ana rubuta abin da suka yi idan sun shiga. Masu rassan gidan wayar Birtaniya sun shafe kusan shekaru 20 kafin wata kotu ta yi waɗannan tambayoyi a madadinsu.