Sabo Bakin Zuwo: Gwamnan Wata Uku

An haifi Aliyu Sabo Bakin Zuwo a birnin Kano a 1934. Bai yi zurfi a karatun boko ba. Makarantarsa ta gaskiya ita ce jam'iyyar NEPU, inda ya bi Malam Aminu Kano, ya koyi yi wa talaka magana da harshen da yake ji. A 1979 aka zaɓe shi sanata daga Jihar Kano a ƙarƙashin PRP.

Sa'ad da PRP ta rabu biyu, 'yan Santsi suka bi Gwamna Abubakar Rimi, 'yan Taɓo kuwa suka tsaya tare da Malam. Sabo ɗan Taɓo ne. Malam ya rasu a Afrilu 1983, Rimi ya nemi kujerarsa kuma a NPP, amma Sabo ya kayar da shi. Ran 1 ga Oktoba 1983 aka rantsar da shi.

Masu ilimi sun yi ta yi masa dariya. Ana ba da labari wai an tambaye shi ma'adinan Kano da Turanci, sai ya lissafa Fanta da Coca-Cola, gama a Turancin Nijeriya suna ɗaya ake kiransu da shi. Dariyar ta rufe wa mutane ido ga abin da ya aikata. Ya rushe masarautun da Rimi ya kafa, irin su Rano da Gaya da Ƙaraye, ya mai da ƙasarsu hannun Sarki Ado Bayero. Abin mamaki ne ɗan NEPU, jam'iyyar da ta yi fama da sarakuna, ya zama shi ne mai tsare wa sarki girmansa. Wannan rigima ba ta mutu ba, gama an sāke tā da ita a 2019 da 2024. Ya kuma rufe silimar Palace da ke Jakara, ya mai da ita asibiti.

Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka hamɓarar da gwamnatin Shehu Shagari. Hukuma ta ce an sami naira miliyan 3.4 a gidansa, kotun soja kuwa ta yanke masa ɗaurin shekara 300. An sake shi a zamanin Janar Babangida, amma bai daɗe ba. Ya rasu a wani asibiti a Jamus a 1989. Asibitin nan na Jakara, da sunansa aka riƙa kiransa.