Fararen Hanyoyin Tuskani: Yadda Keke Ya Raya Ƙauyukan Chianti

Yankin Tuskani da ke tsakiyar ƙasar Italiya, musamman ɓangaren da ake kira Chianti, wanda ya shimfiɗu tsakanin biranen Fulorans da Siena, ƙasa ce ta tudu da kwari, inda matafiyi ba ya gama gangarowa daga wani tudu sai wani ya tare shi, kuma da wuya a ga tudun da ba ya ɗauke da ƙauye mai ganuwa, ko tsohuwar hasumiyar tsaro, ko gonar inabi da zaitun. Da yawa daga hanyoyin da ke haɗa waɗannan ƙauyuka ba su da kwalta, domin da niƙaƙƙen farin dutse aka daɓe su, shi ya sa mutanen wurin ke kiran su strade bianche, wato fararen hanyoyi. Kamanninsu na burji ne, sai dai launi ya bambanta, kuma suna tayar da ƙura idan ƙasa ta bushe, su koma caɓi da zarar an yi ruwa. A yau dubban mahaya keke ne ke zuwa daga ƙasashe masu nisa domin bin su, alhali shekaru sittin da suka wuce mazauna yankin ba su ɗauke su komai ba face shaidar talauci.

Yadda aka kafa ƙauyukan a kan tuddai ya samo asali ne daga doguwar gabar da ta wanzu tsakanin Fulorans da Siena tun zamanin da kowane birni ke cin gashin kansa. A shekarar 1260 Siena ta yi galaba a yaƙin Montaperti, amma Fulorans ta ci gaba da ƙarfafa iyakarta ta kudu, ta haɗa ƙauyukan Radda da Gaiole da Castellina cikin ƙawancen tsaro guda mai tambarin baƙin zakara, har zuwa 1555 lokacin da Siena ta miƙa wuya bayan doguwar kewayewa. Ban da mayaƙa, akwai fatake da masu ziyarar ibada da ke ratsa yankin ta hanyar Via Francigena, wadda ta taso daga arewacin Turai ta bi ta Siena da Buonconvento ta nufi Roma. Amma abin da ya fi yawaita ƙananan hanyoyi shi ne tsarin noman da ake kira mezzadria, wato noman kashi-mu-raba, inda mai ƙasa ke ba iyali gona da gida a cikinta, su kuma su noma, a raba amfani biyu. Tun da kowane iyali yana zaune ne a tsakiyar gonarsa, ba a cikin gari ba, sai ya zama tilas a fitar da hanya daga kowane gida zuwa rumbun mai ƙasa da majami'a da kasuwa, hanyar da ba a nufi komai da ita ba sai amalanken shanu da masu tafiya a ƙasa.

Keke ya yaɗu a wannan ƙasa ne a ƙarshen ƙarni na 19, bayan da Edoardo Bianchi ya buɗe shagonsa na kekuna a Milan a 1885, aka kuma kafa ƙungiyar masu yawon buɗe ido da keke ta Italiya a wannan birni a 1894. Da farko abin hawan masu hali ne, amma da farashinsa ya sauko sai ya zama na ɗan ƙauye da leburan gona, wanda da shi ne yake zuwa aiki da kasuwa. Da aka fara gasar zagaya Italiya, wato Giro d'Italia, a 1909, tseren keke ya zama wasan talakawa, domin a kan irin hanyoyin da suke bi kullum ake yin sa, kuma yawancin 'yan tseren daga gidajen manoma da leburori suka fito. Gwarzon Tuskani a wannan fage shi ne Gino Bartali, wanda aka haifa a 1914 a Ponte a Ema kusa da Fulorans, ya ci Giro a 1936 da 1937 da 1946, ya kuma ci gasar zagaya Faransa a 1938 da 1948. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa fakewa da atisaye yana kai takardun shaida na jabu, waɗanda yake ɓoyewa cikin bututun jikin kekensa, tsakanin Fulorans da Assisi domin kuɓutar da Yahudawan da ake farauta, aikin da aka karrama shi a kansa a 2013, shekaru goma sha uku bayan rasuwarsa.

Bayan yaƙin ne tsohon tsarin noman kashi-mu-raba ya rushe. A shekarun 1950 da 1960 masana'antu sun bunƙasa a birane, iyalan manoma suka yi ta barin gonaki suna komawa inda ake biyan albashi, kuma a 1964 gwamnati ta yi dokar da ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar kashi-mu-raba, a daidai shekarar da aka kammala babbar hanyar mota daga Milan zuwa Napoli. Babur da ƙaramar mota suka maye gurbin keke, kwalta ta zama ma'aunin ci gaban kowace ƙaramar hukuma, ta yadda fararen hanyoyin da suka tsira su ne waɗanda suka bi ta wuraren da mutane suka watse, inda ba a ga dalilin kashe kuɗi ba.

A kan ragowar waɗannan hanyoyi ne Giancarlo Brocci, mutumin Gaiole, ya kafa hawan da ya sa wa suna L'Eroica, ma'ana ta jarumai, a 1997, da mahaya 92 kacal. Manufarsa biyu ce, wato tunawa da zamanin Bartali da abokin hamayyarsa Fausto Coppi, da kuma nuna wa hukumomi cewa hanyar da ba ta da kwalta tana da amfanin da ya isa a bar ta yadda take. Ana yin hawan a farkon watan Oktoba, kuma ba tsere ba ne, domin kammala tafiyar ake yabawa, ba riga wani isa ba. Ƙa'idarsa ita ce a zo da keke irin na 1987 ko kafin nan, mai jikin ƙarfe, wanda sandunan canza giyarsa ke kan bututun ƙasa, fedarsa na da maɗaurin ƙafa, wayoyin birkinsa kuma suna fili a saman kan keken. Hanya mafi tsawo kilomita 209 ce, tana tashi daga Gaiole tun kafin asuba, ta hau fadar Brolio ta zuriyar Ricasoli, ta gangara kudu zuwa Montalcino, sannan ta dawo ta Buonconvento da Asciano da Radda. A wuraren yada zango abincin ƙauye ake ba mahaya, irin su ribollita, miyar wake da kabeji da ragowar burodi wadda a da ita ce cimar manoma.

Farin jinin wannan hawa ya jawo ƙwararru, har aka kafa musu tsere nasu a 2007, wanda Alexandr Kolobnev ɗan Rasha ya fara ci. Daga 2008 aka mayar da shi watan Maris, daga baya kuma aka san shi da sunan Strade Bianche, yana ƙarewa a dandalin Piazza del Campo da ke tsakiyar Siena bayan hawan wani matsattsen titi mai tsananin tsayi. Fabian Cancellara ɗan Suwizalan ya ci shi sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, saboda haka aka raɗa wa sashen Monte Sante Marie, ɗaya daga cikin mafiya wahala, sunansa. An fara na mata a 2015, kuma a 2017 tseren maza ya shiga jerin manyan gasanni na duniya, matsayin da tseren da bai wuce shekara goma da kafuwa ba ba kasafai yake samu ba.

Tasirin wannan a kan ƙauyukan ya wuce rana ɗaya a shekara, domin an kafa alamomi na dindindin a kan hanyar L'Eroica, ana bin ta kowane lokaci, gidajen gona da dama da aka bari sun koma masaukin baƙi, kuma an kwaikwayi hawan a ƙasashe irin su Japan da Amurka da Afirka ta Kudu. Duk da haka, hanyar tsakuwa tana bukatar gyara bayan kowane ruwa mai ƙarfi, kuma mazaunin da ke bin ta kullum yana shan ƙurar da baƙo ke sha'awar gani, don haka ɗorewarta ta dogara ne ga ribar da mutanen ƙauyen ke samu daga masu zuwa. Abin da tarihin Chianti ya tabbatar shi ne, tsohuwar hanya ba ta tsira don tsufanta kaɗai, sai an samo mata aikin da zai biya kuɗin kula da ita, kuma a wannan yanki keke ne ya samar da aikin.