Rigimar Mallakar Dabba a Kasuwar Katsina: Waiwaye a kan Haƙƙin Mai Dabba a Gaban Alkali

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin Katsina sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan sarauta da malanta da fatauci, tun daga zamanin Muhammadu Korau har zuwa shigowar Turawa birnin a 1903. Amma ba a cika waiwayar ƙananan ƙararrakin da talaka ya fi sani ba, watau irin ta mutumin da ya shigo kasuwa ya tarar da jakinsa da ya ɓata a hannun wani, ana tayawa. A wannan takarda za mu duba yadda ake raba irin wannan gardama, mu kuma nuna cewa haƙƙin mai dabba a Katsina bai taɓa dogara ga takarda ba kamar yadda ya dogara ga shaidar mutane, ita kuwa shaidar ta dogara ne ga kasuwar da ta san masu shige da fice a cikinta.

Idan muka ce Babbar Kasuwa, muna nufin kasuwar birni a matsayinta na cibiyar ciniki, tare da karar dabbobi da zangon fatake da ke hulɗa da ita. Idan kuma muka ce dabba, mun haɗa da ta aiki da ta yanka da ta sha'awa, domin Bahaushe bai yi wa dabbar sha'awa aji na dabam ba. Dokin hawan salla da ragon da ake turkewa a ƙofar gida da tantabarun samari duk abin so ne, duk kuma dukiya ce.

2.0 Tushen Hukunci

Shari'ar Malikiyya ta daɗe a Katsina. Shaihu Al-Maghili ya ziyarci birnin wajen ƙarshen ƙarni na 15, bayansa kuma Aida Ahmad al-Tazakhti ya zauna a nan, aka naɗa shi alkali, ya rasu wajen 1529. Littattafan da alkalan ƙasar Hausa suka fi riƙo da su su ne Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, kuma dukkansu sun yi magana a kan dabba: sayenta da ɓatanta da ɓarnarta da ciyar da ita.

Sai dai abin da ke cikin littafi dabam, abin da mai iko ke yi dabam. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa al'adun sarakunan Haɓe da ya ƙi, har da jangali, da tawasa da ake karɓa daga mahauta a kasuwa, da kuma kamuwa. Kamuwa ita ce a kama dabbar dakon mutum ba da izininsa ba don ta ɗauki kayan sarki. In ya bi ta har inda aka sauke a mayar masa, in bai bi ba ta tafi ke nan. Wannan ya nuna mana cewa tun kafin Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina wajen 1807, maganar haƙƙin mai dabba tana cikin abubuwan da ake auna adalcin mai mulki da su.

3.0 Ganin Dabba a Hannun Wani

Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi istihƙaƙi, watau mutum ya tabbatar da cewa abin da ke hannun wani nasa ne. Matakansa a bayyane suke. Da farko mai ƙara zai kawo shaidu adalai su ce sun san dabbar tasa ce, ba su kuma san ta fita daga mallakarsa ba. Na biyu, shi kansa zai rantse cewa bai sayar ba, bai kuma bayar kyauta ba. In wannan ya cika sai a ba shi dabbarsa ba tare da ya biya ko anini ba, shi kuwa mai saye sai ya koma wa wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa.

In kowane ɓangare ya kawo shaidu, akwai abin da ke rinjayarwa. Shaidar da ta ce a gidan wane aka haifi dabbar ta fi ƙarfin wadda ta ce kawai an san ta a hannun wane, domin ta farko ta faɗi asalin mallaka. A nan ne yalwar sunayen dabba a Hausa ke da amfani ga shari'a. Wanda ya ce dokinsa akawal ne ko kili ko hurde ko danda, ko ya ce jakinsa duna ne ko goho, ya kuma faɗi tsagar kunne da tabon lalas kafin a fito da dabbar, ya riga ya rage wa alkali aiki.

Shari'a ba ta kuma manta da mai sayen da bai san kayan sata ya saya ba. Nonon da ya tatsa da dakon da ya yi duk sun zama nasa, saboda da dabbar ta mutu a lokacin shi ke da hasara. Amma 'ya'yan da ta haifa sai su bi uwarsu zuwa ga mai ita. Har ila yau, in wanda ya sayar masa yana wani gari, yana iya ajiye ƙimar dabbar a hannun amintacce, a sa mata hatimi a wuya, ya tafi da ita can don shaidu su gan ta ya karɓo kuɗinsa.

Yana da kyau mu kwatanta wannan da dokar Ingila. A dokarsu ta sayar da kaya ta 1893, wanda ya sayi abu da kyakkyawar niyya a sananniyar kasuwa abin ya zama nasa ko da na sata ne, sai fa in an kama ɓarawon an hukunta shi. Dawaki kawai aka keɓe da dokoki na musamman. Ba a soke wannan ƙa'ida ba sai a 1995. A wurin alkalin Katsina kuwa, shiga kasuwa ba ya wanke kayan sata.

4.0 Matsayin Dillali

Tun da mai saye ke ɗaukar hasara, dole ya nemi abin da zai kare shi, kuma abin nan shi ne dillali. Baƙon da ya koro dabba yakan sauka ne wurin fatomansa, shi kuma ya haɗa shi da dillali. La'adar da dillali ke karɓa ba ladan daidaita farashi kaɗai ba ce, ladan tsayawa ne: in aka zo daga baya aka ce dabbar ta sata ce, shi za a nema ya fito da wanda ya kawo ta. Saboda haka dillalin kirki ba ya karɓar igiya daga hannun wanda bai sani ba, ko wanda ba shi da mai tsaya masa. Ya kuma iya karanta fuskar mutum, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A bisansa akwai shugabannin sana'a, kamar Sarkin Dillalai da Sarkin Zango da Sarkin Pawa, waɗanda rigima kan bi ta hannunsu kafin ta kai zauren alkali. Abner Cohen ya nuna a 1969 cewa wannan tsari na mai gida da dillali shi ya riƙe cinikin shanu na Hausawan Sabo a Ibadan, inda ake ba da shanu bashi ba tare da takarda ba. Abin da ya gani a can reshe ne na abin da ke kasuwannin Arewa.

5.0 Tsintuwa da Ɓarna

Ba kowace dabba da ta bar gida ce aka sace ba. Fiƙihu ya bambanta tsakanin raƙumi da tunkiya. Raƙumin da aka gani a daji ba a kama shi, don yana iya kai kansa ruwa da kiwo har mai shi ya same shi. Tunkiyar da aka tsinta a dokar daji inda babu mutane an yarda a ci, tun da in an bar ta kura ce za ta ci. A cikin gari kuwa sai cigiya. A al'ada akan kai dabbar wurin mai unguwa, mai ita ya zo ya faɗi kamanni ya karɓa. Masu iya magana sun taƙaita hukuncin da cewa tsintacciyar mage ba ta mage.

Game da ɓarna, ƙa'idar Risala ita ce abin da dabbobi suka ci a gona da dare yana wuyan masu su, na rana kuwa mai gona ne ya kamata ya yi tsaro. Khalil ya ƙara sharaɗi, cewa sassaucin rana yana aiki ne in an saki dabbobin nesa da gonaki. In da makiyayi tare da su ya yi sakaci, shi zai biya. Haka kuma wanda ke kan doki ko yake jan jaki ko korarsa, shi ke da alhakin abin da dabbar ta taka. A cunkoson ranar kasuwa, tsakanin masu tukwane da masu ƙorai, wannan hukunci ba na nishaɗin malamai ba ne.

6.0 Kare da Kyanwa da Tantabara

A kan waɗannan ne shari'a ta fi nuna zurfin tunani. Malikiyya ta hana cinikin kare, amma ta yarda a ajiye shi don farauta da tsaron garke da gona, kuma malamai sun saɓa a kan sayar da irin wannan. Abin lura shi ne duk wanda ya kashe karen da aka yarda a ajiye, sai ya biya mai shi ƙimarsa. Watau hana ciniki bai kawar da mallaka ba. Maharbin da aka kashe wa kare yana da bakin magana a gaban alkali. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya ce da Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye.

Tantabara kuwa rigimarta ita ce ta bi ta wani ta sauka a ɗakinsa. Hukuncin shi ne in an gane ta a mayar wa mai ita, in ta saje ba a iya bambancewa babu komai a kan mai ɗakin. Naman dajin da aka kama ya kuɓuce ya zama na wanda ya sake kama shi, sai fa in ya riga ya saba da mutane bai kuma koma halin daji ba. Wannan ya shafi mai barewa da mai aku.

7.0 Haƙƙin Dabba a kan Mai Ita

Mallakar nan tana da iyaka. Khalil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya. In ya ƙi, ko ya riƙa ɗora mata abin da ba ta iyawa, sai hukuma ta sayar da ita a kansa. Ba a kuma yarda ya tatse nono har ɗan ya cutu ba. Ashe mutum yana iya rasa dabbarsa ta hanyar zaluntarta, ko da kuwa shaidu goma sun ce a gidansa aka haife ta.

8.0 Daga Zamanin Turawa zuwa Yau

Turawa ba su rushe kotunan alkalai ba. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar musu shari'ar ciniki da mallaka, aka dai hana yanke hannu, sata ta koma hukuncin ɗauri. Dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960 ta kawo sassa a kan sata da karɓar kayan sata da kashe dabbar wani da azabtar da dabba. A 1968 aka soke kotunan sarakuna, kotunan alkalai suka koma hannun gwamnati. A 2000 Jihar Katsina ta bi sahun Zamfara wajen dawo da shari'ar laifuka ta Musulunci, kuma abin tunawa ne cewa hannun farko da aka yanke a Zamfara a wannan shekara a kan satar saniya ne.

Duk waɗannan sauye-sauye sun fi taɓa hukuncin ɓarawo. Abin da ya girgiza haƙƙin mai dabba shi ne satar shanu da bindiga da ta yawaita a yammacin jihar bayan 2010, ga kuma manyan motoci da ke iya kwashe garke su tsallaka jihohi a dare guda. Shaidun da suka san saniya suna ƙauyen da aka watsa, ita kuwa ta riga ta isa mahauta a Kudu. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwanni da dama, har da na Jibiya da Batsari da Charanci da Mai'aduwa, ta kuma hana fitar da shanu a mota zuwa wasu jihohi. A ganinmu wannan mataki ikirari ne cewa a lokacin kasuwa ta kasa tantance halal daga haram.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa alkali yana kare mai dabba, yana sassauta wa mai saye, yana kuma kare ita dabbar, amma duk hukuncinsa yana jiran mutumin da zai ce na san ta, na san mai ita. Saboda haka muna ba da shawarwari biyu. Na farko, duk wani tsarin rajistar dabbobi ko rasit na kara da za a kawo, a gina shi a kan dillalai da shugabanninsu, domin takardar da babu mai tsaya mata ɓarawo ma yana iya samunta. Na biyu, ɗalibanmu na tarihi da na shari'a su nemi tsofaffin littattafan kotunan alkalai a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, su kuma zauna da dattawan kara tun suna raye, don a rubuta yadda aka yi aiki da waɗannan hukunce-hukunce shari'a bayan shari'a.