Tarihin Kunamar Ƙaramar Bindiga da Horon Yatsan Maharbi

Tun lokacin da aka fara ƙera ƙaramar bindiga, wato wadda ake harbawa da hannu ba tare da an jingina ta da kafaɗa ba, matsala guda ce ta fi ci wa maƙera da maharba tuwo a ƙwarya, ita ce ta kunama, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da yatsa ke ja domin harsashi ya tashi. Doguwar bindiga tana samun madogara a kafaɗa da kunci da hannaye biyu, amma ƙarama, wadda nauyinta bai cika wuce kilo guda ba, tana rataye ne a ƙarshen miƙaƙƙen hannu, kuma sau da yawa ƙarfin da ake bukata kafin kunamarta ta saki ya ninka nauyinta. Idan tazarar da ke tsakanin ma'aunin saiti na gaba da na baya santimita 20 ce, to karkatar milimita guda kacal a bakin bindiga tana kautar da harsashi da santimita goma sha biyu da rabi a nisan mita 25, alhali da'irar tsakiya ta allon gasa a wannan nisa faɗinta santimita 5 ne.

Ƙaramar bindiga ba ta samu karɓuwa a Turai ba sai a farkon ƙarni na 16, da aka ƙirƙiro wata 'yar ƙafar ƙarfe mai juyawa tana fitar da tartsatsi, abin da ya raba maharbi da riƙon igiya mai ci da wuta. A farkon ƙarni na 17 kuma maƙeran Faransa suka daidaita tsarin ƙyastu, inda dutse ke bugun ƙarfe ya kunna albarushi. Aibin wannan tsari shi ne jinkirin da ke tsakanin jan kunama da fitar harsashi, domin a cikin wannan ɗan taƙi hannu yakan motsa, musamman idan walƙiyar albarushi ta sa maharbi ya ƙifta ido. Haƙƙin mallakar da wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, ya samu a shekarar 1807 kan sinadarin da ke fashewa da an buge shi, shi ne ya share fagen rage wannan jinkiri.

Maƙeran Landan na ƙarshen ƙarni na 18, irin su Robert Wogdon da 'yan'uwan nan biyu John da Joseph Manton, su ne suka fi zurfafa tunani a kan kunama, saboda attajirai da hafsoshin zamanin suna sayen bindigoginsu ne domin fito-na-fito, wata muguwar al'ada da mutum biyu ke tsayawa su harbi juna da sunan kare mutunci. Dabarar da ake sakawa a irin waɗannan bindigogi ita ce ta ɗananniyar kunama: maharbi zai tura kunamar gaba ya ɗana wani ɓoyayyen sifirin, daga nan taɓawa kaɗan ta isa bindiga ta tashi. Bindigogin da aka yi amfani da su ranar 11 ga Yuli, 1804, lokacin da mataimakin shugaban Amurka Aaron Burr ya harbe Alexander Hamilton a Weehawken, ƙirar shagon Wogdon ne, kuma suna da wannan dabara. Sai dai sauƙin da ke hana hannu karkata shi ne kuma ke sa bindiga ta tashi kafin a gama saiti, kuma wannan ja-in-ja tsakanin daidaito da kiyaye rai bai ƙare ba har yau.

Wannan ja-in-ja ya sake bayyana a zamanin libarba, bindiga mai ganga da ke juyawa da harsasai. A samfurin da Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, sai maharbi ya ja 'yar gudumar baya da babban yatsa kafin kowane harbi, saboda haka aikin kunama bai wuce sakin gudumar ba, jan nata gajere ne mai sauƙi. A 1851 Robert Adams na Landan ya fito da wadda kunama ce ke ɗaga guduma ta kuma sake ta, abin da ya ƙara sauri a gumurzun kusa da kusa amma ya mayar da jan dogo mai nauyi. Daga nan aka samu ra'ayi biyu. William Fairbairn da Eric Sykes, waɗanda suka yi aiki da rundunar 'yan sandan Shanghai, sun bayyana a littafinsu Shooting to Live na 1942 cewa wanda tsoro ya kama ba ya iya lallaɓa kunama, don haka suka koyar da nuna bindiga da hannu guda a matse ta gaba ɗaya. Hujjarsu tana da ƙarfi a nisan taku kaɗan, amma ba ta warware komai ga mai harbin nesa ba.

Ɗaya ra'ayin ya ginu ne a Kalifoniya, a gasannin da tsohon hafsan sojan ruwa Jeff Cooper ke shiryawa a Big Bear Lake, inda a 1959 wani jami'in tsaro, Jack Weaver, ya lashe gasa ta hanyar riƙe bindiga da hannu biyu yana duban ma'aunin saiti. Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976, ya tattara darussan cikin tsari, kuma jigon koyarwarsa kan kunama shi ne sakin bazata. Ma'anarsa ita ce maharbi ya riƙa ƙara matsin yatsa kai tsaye zuwa baya, sannu a hankali ba tare da fizga ba, har bindiga ta tashi a daidai lokacin da shi kansa bai tantance ba. Hikimar abin tana cikin halittar ɗan'adam, domin jikin da ya san lokacin da ƙara da shurin bindiga za su zo yakan riga su, ya tura hannu ƙasa, shi ya sa harsasan sabon maharbi mai amfani da hannun dama suke yawan taruwa a ƙasan allo ta hagu. Masu horarwa sukan cusa harsashin bogi a cikin na gaske ba tare da sanin ɗalibi ba, idan guduma ta faɗa a kansa sai a ga bakin bindiga ya dunguri ƙasa alhali babu abin da ya tashi, kuma babu bayanin malami da ke gamsar da ɗalibi kamar wannan gani da ido.

Cewa abin horo ne ba baiwa ba, tarihin Károly Takács ɗan ƙasar Hungari ya tabbatar. Gurneti ya ragargaza hannunsa na dama a 1938 yana soja, ya koya wa hannun hagu aikin daga tushe, sannan ya ci zinariya a harbin gaggawa na mita 25 a gasar Olamfik ta Landan a 1948, ya maimaita a Helsinki a 1952.

Hukumomi kuwa kowace ta yanke hukunci gwargwadon abin da take tsoro. A baya rundunar 'yan sandan New York ta daɗe tana sanya wa bindigogin jami'anta kunama mai nauyin fiye da kilo biyar domin gudun harbin kuskure, matakin da masu suka ke cewa yana rage daidaito, kuma harsashin da ya kauce a cikin birni ba a banza yake faɗuwa ba. Hukumar wasan harbi ta duniya ta bi ta wata fuskar, ta ƙayyade mafi ƙarancin nauyi: giram 500 ga bindigar iska ta mita 10, giram 1,000 ga ta wasanni ta mita 25. Alƙalai kan rataya ma'aunin nauyi a jikin kunama su ɗaga bindigar bakinta na kallon sama, idan ta saki kafin ta ɗauki nauyin, an soke sakamakon mai ita.