Daga Maƙera zuwa Manhaja: Wane ne Mai Tarakta?

A shekarar 1837 wani maƙeri mai suna John Deere ya ƙera garmar ƙarfe a jihar Illinois ta Amurka, kuma kamfanin da ya kafa ya zama jigo a sana'ar injinan noma. Shekaru aru-aru manomin ƙasar shi ke gyara injinsa, ko ya kai wa bakaniken ƙauye.

Al'amarin ya sauya da aka sanya kwamfuta cikin tarakta. In ta hangi matsala, takan rage ƙarfin injin, kuma sau da yawa ko an sauya abin da ya lalace, sai dillalin kamfani ya zo da manhajarsa ya buɗe. Ga wanda girbi ya ƙarato masa, jiran kwana biyu asara ce.

Dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ce ta ɗaure wa wannan kulle gindi. An yi ta domin kare waƙoƙi da finafinai, amma ta haramta fasa makullin manhaja. A 2015 kamfanin Deere ya shaida wa hukumar haƙƙin mallaka cewa izinin amfani da manhajar kawai mai tarakta ya samu. Duk da haka, aka halatta gyaran.

Sai dai halattawa ba ta miƙa wa manomi kayan aiki ba. A 2023 Colorado ta zama jiha ta farko da ta tilasta wa kamfanoni bayar da su, kuma a Janairun 2025 hukumar cinikayya ta tarayya ta maka Deere a kotu bisa zargin mamaye harkar gyara. Tushen rigimar ɗaya ne: wanda ya biya kuɗin abu, ina ikonsa a kansa ya tsaya?