TARIHI: Daga Allo Zuwa Wayar Hannu, Yadda Mutanen Ƙasar Daura Suka Samar Wa Karatu Lokaci



Yau ba batun saita waya ko sauke manhaja za mu yi ba, tarihi za mu ɗan waiwaya. Duk sanda aka kawo maganar kwasa-kwasan da ake yi kyauta a intanet, amsar da aka fi ji ita ce: "Wallahi ina so, lokaci ne babu." To mai karatu, zo mu duba yadda iyaye da kakanni a ƙasar Daura, daga cikin birni har Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, suka nemi ilimi, da abin da neman ya ci musu. In mun gama sai ka auna da halin da kake ciki.

ZAMANIN ALLO DA ZAURE

Tun kafin zuwan Turawa, yaro a nan da allo yake farawa. Ka lura da tsarin: ba a ɗora masa izu guda a rana ɗaya. Kaɗan ake rubuta masa, ya yi ta maimaitawa, ya biya wa malam, sai ya iya sannan a wanke a ƙara. Ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. Da dare kuma a hura wuta da kara a kewaye ta, tunda ba lantarki.

Manya su ma suna da tasu makarantar, wato ta zaure. Madinki, maƙeri, ɗan kasuwa da manomi, kowa ya ɗauko littafinsa, wani Ahalari, wani Ishmawi, wani Iziyya, wani ya kai Risala. Malam ya karanta masa 'yan layuka ya fassara, ya tashi ya ba na bayansa wuri. Yaushe suke wannan? Bayan sallar Asuba kafin a fita nema, ko bayan La'asar, ko tsakanin Magariba da Isha'i. Ba wanda ya ajiye sana'arsa. Manomi kuwa ya san damina ta gona ce, sai an yi girbi an kai amfani rumbu zai tsananta karatu da rani.

Wanda ke son zurfafawa dole ya bar gida. Wani ya nufi Katsina, garin Gobarau, inda manyan malamai irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka yi zamani a ƙarni na 17. Wani Kano, wani Zariya, wani ya yi gabas zuwa Borno don hadda. A ƙafa ko a kan jaki. Littafi kuma da hannu ake kwafarsa, sai ka ari na wani ka zauna da alƙalami da tawada wata da watanni kafin ka mallaki naka.

DA BOKO YA ZO

Boko bai rage nisan ba. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, ita ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam, amma 'yan kaɗan ake zaɓowa daga duk faɗin Arewa. Marigayi Muhammadu Buhari, haifaffen Daura a 1942, a Daura da Mai'adua ya yi firamare, amma da ya zo ci gaba sai da ya tafi Katsina, tafiyar kusan kilomita 80, ya shiga Midil a 1953, ya gama sakandare a can a 1961. Ka ga ke nan ko a lokacin, ɗan Daura sai ya bar gaban iyayensa kafin ya samu abin da ya wuce firamare.

Su kuma manyan da boko ya wuce su fa? A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci. Magidanta masu 'ya'ya su taru da yamma bayan an taso daga gona ko kasuwa, a gindin bishiya ko a ajin firamare bayan yara sun tashi, suna koyon baƙi da wasali. Burin wasu bai wuce su iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansu ba, jaridar da ta fara fitowa a 1939, ko su rubuta wasiƙa ba tare da wani ya ji sirrinsu ba.

KAKAN KARATUN ONLAYIN

Karatu daga nesa ba da intanet ya fara ba. Malaman makaranta da akawuna a Najeriya sun daɗe suna yin sa ta gidan waya, da makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. Ka tura kuɗi, a aiko maka da darasi a ambulan, ka yi aikin a gaban fitilar ƙwai bayan ka taso daga aiki, ka mayar, ka jira makonni kafin ka san ka ci ko ka faɗi. Da haka wasu suka ci jarrabawar GCE, wasu har digirin Jami'ar Landan.

Daga baya aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna a 1976, inda malamin firamare ke ƙaro karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu ba tare da ya bar ajinsa ba. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Shi kansa Obasanjon bayan ya sauka daga mulki ya koma ɗalibinta, har ya kammala digirin digirgir yana da shekara 80.

SAI WAYA TA SHIGO

Shekarar 2001 abu biyu suka faru da suka shafe ka kai tsaye. A watan Afrilu, jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet kowa ya ɗauka kyauta. A watan Agusta kuma wayar salula ta fara aiki a Najeriya, lokacin da layi ɗaya sai ka ajiye dubban nairori.

Shekara goma bayan nan, a 2011, wasu malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira na jami'ar Stanford ga duk mai so. Mutum 160,000 suka yi rajista. A 2012 aka kafa Coursera da edX, a 2014 freeCodeCamp ta biyo baya. Khan Academy na koyar da lissafi da kimiyya kyauta. Darasin CS50 na jami'ar Harvard, wanda ke koyar da tushen ilimin kwamfuta, yana nan a buɗe, ko kana Kongolam za ka iya binsa. A gida kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha.

Daura ma ta canza. An kafa mata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Amma ba kowa ne zai samu gurbi ba, kuma mai shago ko matar aure mai yara ba lalle su iya zaman aji ba. Nan ne wayar ke da rana.

INDA GIZO KE SAƘAR

Cikin mutum 160,000 ɗin nan na Stanford, kusan 23,000 ne suka kai ƙarshe. Wani bincike da masana a MIT suka fitar a 2019 ya nuna cewa a darussan MIT da Harvard da ke edX, a zangon 2017 zuwa 2018, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai suka kammala. Wato ba a Daura kaɗai ake rajista a watsar ba, duniya ce gaba ɗaya.

Dalili a fili yake. Tafiyar da kakanka ya yi zuwa Katsina an ɗauke maka, kuɗin da akawu ya riƙa turawa Ingila an rage maka, amma an kuma ɗauke abubuwan da suka riƙe su: ƙayyadadden lokaci, malamin da zai tambayi ina kake, da abokan da za ka ji kunyarsu. Ga shi kuma allon naka, wato wayar, a cikinsa TikTok da WhatsApp suke zaune. Kuma gaskiya "kyauta" ɗin ba ta cika ba, akwai kuɗin data da na caji, wasu shafukan ma sai ka biya kafin su ba ka satifiket.

ABIN DA ZA KA ARA DAGA ZAURE

1. Ɗaura karatun a jikin salla, kada ka bar shi sai ka samu sarari. Minti 30 bayan Asuba, kwana 5 a mako, ya kama awa 130 a shekara.

2. Littafi ɗaya a lokaci ɗaya. Ba a haɗa Ahalari da Risala rana guda. Ka zaɓi kwas ɗaya, Excel ne, zanen hoto ne ko Turanci, sai ka sauke shi sannan ka ɗauki wani.

3. Kada ka wanke allo ba ka biya ba. Duk bidiyon da ka kalla, ka gwada abin da hannunka kafin ka wuce na gaba.

4. Nemi abokin karatu ko da mutum ɗaya ne, ku riƙa bin sawun juna duk mako.

5. Sauke darasin da datar dare mai araha, da safe ka kashe data ka yi karatunka ba tare da saƙonni sun dame ka ba.

6. Ka san daminarka. In lokacin gona ne ko azumi ko jarrabawa, ka rage, amma kada ka yanke gaba ɗaya.

Ke ma 'yar'uwa, yadda matan aure ke ware lokacin Islamiyyar dare, haka za ki ware wa wannan rabin awa.

Kafin ka rufe wannan rubutu, shiga saitin wayarka ka nemi inda ake nuna awannin da ka yi a kanta. A Android sunan wurin Digital Wellbeing, a iPhone kuma Screen Time. Duba na jiya kaɗai, sannan ka yanke daga ina za ka ciro minti 30 ɗin gobe da safe.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. Ka tura wa wanda ka san ya daɗe yana cewa zai fara.