Daƙiƙa 8 a Birnin Paris

Ranar 23 ga Yuli, 1989, Laurent Fignon na Faransa ya shiga zangon ƙarshe na tseren keken Tour de France yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50. Kilomita 24.5 suka rage, daga Versailles zuwa Paris, kowa na gudu shi kaɗai. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa ƙarfe mai miƙewa gaba, ya duƙa a kansa, sanye da hular kwano mai tsini a ƙeya. Fignon kuwa kansa ba hula. Da daƙiƙa 8 LeMond ya lashe gasar. Jikin mahayi ya fi firam tare iska nesa ba kusa ba, shi ya sa gyara zama kan riga sauya keke amfani.